Tsofaffin hotunan filin golf na St Andrews, wai da can makiyaya ce?

Baƙuwar Dundee:

Assalamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah masu sanin tarihi da masu harkar hoto ku matso ina da tambaya. Ni aikin jinya nake a Dundee nan ƙasar Sikotilan, Lahadin da ta wuce ba ni da aiki sai na ce bari in fita da yara su sha iska, muka hau bas zuwa St Andrews, tafiyar kamar rabin awa ce. Niyyata bakin teku kawai, ashe filin golf ɗin nan da ake ta nunawa a talabijin manne yake da bakin ruwan. Abin da ya fara ɗaure min kai babu katanga babu maigadi, mutane sai yawo suke a kai da karnukansu, wasu na tura keken jarirai, har muka hau 'yar gadar dutsen nan muka ɗau hoto ba wanda ya ce mana kanzil. Wata dattijuwa ce ta ce min ai ran Lahadi ba a wasa, filin na mutanen gari ne.

Da za mu dawo na shiga wani shagon tsofaffin littattafai na tarar da kwali cike da katunan hoto irin na da, na zaɓi uku na saya, tun ranar nake juya su. Na farko wasu maza ne masu gemu da dogayen huluna sun yi cirko-cirko, ɗaya ya duƙa kan ƙwallo, gefe ga yara biyu sun rungumo sanduna a hammata, ɗayan ko takalmi babu, can baya ga wani gini guda shi kaɗai kamar an jefo shi. Ƙasan kuwa wallahi ba ka ce filin wasa ba, duk tudu da kwari da ciyawa buzu-buzu. Na biyu gadar nan ce da muka hau, amma gefenta an baza wasu fararen abubuwa a kan ciyawa, ga tumaki daga nesa. Na uku wani tsoho ne mai farin gemu har ƙirji, ya sa hular kepi, ya dogara da sanda, idonsa kamar na wanda ya ga duniya.

To tambayata, ya za a yi in gane shekarun da aka ɗau hotunan nan? Kuma da gaske wurin nan da yanzu sai mai hannu da shuni, da can tumaki ke kiwo a kai? Fararen abubuwan nan fa, kuma wane ne tsohon? Ina so in aika wa Babanmu su a Kaduna don yana son wasan, amma ba na so in aika ba bayani.

Mai Kyamara:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni mai hoto ne tun zamanin da muke wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma duk wanda ya bi tarihin sana'armu sai ya ci karo da garin nan. Abin da ya sa filin St Andrews ke da tsofaffin hotuna da yawa shi ne garin na cikin wuraren da aka fara ɗaukar hoto a duniya gaba ɗaya. Wani Bature Fox Talbot ya fito da hanyar ɗaukar hoto a kan takarda a 1841, amininsa Sir David Brewster kuwa shugaba ne a jami'ar St Andrews, sai ya riƙa koya wa mutanen garin ta wasiƙun da suke musaya. Cikin waɗanda suka fara ƙwarewa akwai wani likita John Adamson, shi ya koya wa ƙaninsa Robert, wanda ya koma Edinbura a 1843 suka haɗa gwiwa da mai zane David Octavius Hill. Sannan ga Thomas Rodger, yaron da ya taso hannun likitan nan, ya buɗe shagon hoto a garin wajen 1849 yana ɗan saurayi, shi ya ɗauki da yawa daga cikin 'yan wasan farko.

Cirko-cirkon da kika gani akwai dalili. Kyamarar lokacin ba ta kama motsi, sai mutum ya sandare na daƙiƙoƙi masu yawa, in ya motsa fuskarsa ta narke kamar hayaƙi. Saboda haka wancan da ya duƙa kan ƙwallo shirya shi aka yi, aka ce kowa ya tsaya cak kada ya yi ko tari. Ki duba yaran da kyau, sau da yawa za ki ga su ne fuskarsu ta yi dishi-dishi don yaro ba ya iya tsayuwa wuri guda, haka tumaki da karnuka sai ki ga kamar inuwa.

Batun shekara kuma, abu biyu ne kada ki haɗa su, ranar da aka ɗau hoton daban ranar da aka buga katin daban. Juya bayan katin, in kin ga layi ya raba shi biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, to daga 1902 zuwa sama aka buga shi don a shekarar gidan waya na Birtaniya ya yarda da hakan. Da yawansu kamfanin Valentine ne ya buga, nan Dundee inda kike zaune, ki duba ƙasa ko za ki ga sunan. Amma hoton kansa zai iya girmar katin da shekara talatin ko arba'in, don haka sai a koma kan gine-gine. Ginin nan da kika ce kamar an jefo shi gidan kulob ne na Royal and Ancient, a 1854 aka gama shi, da farko ɗan gajere ne, daga baya aka yi ta ƙara masa bene da manyan tagogi. Sai ki nemi wani ƙaton jan gini a bayansa ta hannun dama, otal ne da aka buɗe a 1895. In babu shi a hoton to kin san kafin nan ne. Yaran da suka rungumo sanduna a hammata ma shaida ce, don jakar zuba sanduna sai wajen 1890 ta fara yaɗuwa.

Malam Na Bakin Kasuwa:

Mai Kyamara ya gama nasa ɓangaren, bari in ɗora a kan ƙasar kanta don nan ne daɗin labarin yake. Hajiya abin da idonki ya gaya miki gaskiya ne, makiyaya ce. Irin wannan ƙasa ta bakin teku jigawa ce, rairayi ne iska ta tara, ba ta noma, sai gajeriyar ciyawa da wata ƙaya mai ɗorawar fure, shi ya sa aka bar wa talakawan gari ita. Akwai takarda ta 1552 da babban limamin cocin garin John Hamilton ya sa wa hannu, wadda ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin golf da ƙwallon ƙafa da harbi a wurin, shi kuma ya riƙe haƙƙin kiwon zomaye a wani sashe. Tun kafin nan ma a 1457 majalisar Sarki James na biyu ta hana golf saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo, kin ga ke nan wasan ya daɗe hannun gama-garin mutane.

Fararen abubuwan nan shanya ce! Matan gari ne ke zuwa wanki a ɗan rafin da gadar ta haye, Swilcan sunansa, su baza zannuwan gado a kan ciyawa rana ta faranta su, kamar dai yadda ake yi a bakin kogi a wajenmu. Abin ya kai har cikin dokokin wasan na tsakiyar ƙarni na 19 akwai wadda ta yi bayanin abin da za a yi in ƙwallo ta faɗa kan shanya ko kusa da bahon wanki. Gadar kuma ba don 'yan golf aka gina ta ba, ta girme kulob ɗin da ɗaruruwan shekaru, makiyaya da dabbobinsu ke haye ta. Tumakin su ne injin yankan ciyawa, kuma ramukan yashin nan da yanzu suka kai 112 ana cewa da yawansu asalinsu inda tumaki ke fakewa ne daga iskar teku har suka ƙwaƙule wurin.

Wani abin da mutane ba su sani ba, saura ƙiris filin ya salwanta saboda zomaye. A 1797 asusun hukumar garin ya ƙone ƙurmus, filin ya fita hannunta ya faɗa hannun masu kiwon zomo don fata da nama, zomaye suka yi ta haƙe wurin, 'yan golf suka ce ba su yarda ba, aka yi ta shari'a har gaban majalisar dattawa a Landan, wajen shekara goma sha shida ana abu ɗaya. Sai a 1821 wani mai ƙasa James Cheape, shi ma ɗan wasa, ya saye filin ya raba gardama. Garin bai dawo da kayansa ba sai 1894, kuma har gobe wata hukumar amana ce ke riƙe da shi a madadin jama'a, kulob ɗin Royal and Ancient da duk girman sunansa ba shi ne mai filin ba. Kulob ɗin a 1754 mutum 22 suka kafa shi, Sarki William na huɗu ya ba shi lakabin sarauta a 1834. Ramuka 18 da duk duniya ke bi yanzu ma a nan aka samo, da 22 ne, a 1764 suka ga na farkon sun yi gajarta suka haɗe su.

Tsohon nan kuwa ba sai na ga katin ba, Tom Morris ne, Tsoho Tom suke ce masa. An haife shi a garin a 1821, ɗan masaƙi, ya yi koyon sana'a wajen Allan Robertson mai yin ƙwallo. Ƙwallon lokacin fata ce ake ɗinkewa a auno gashin tsuntsu cike da doguwar hular Bature a dafa shi a cusa shi ciki da ƙarfin ƙirji, ƙwararre bai wuce ya yi uku ko huɗu a yini ba, shi ya sa ƙwallo ɗaya ta kan fi sanda tsada. A 1848 sai ga sabuwar ƙwallo ta ƙaron wata bishiya daga ƙasar Malaya, mai araha kuma ruwa ba ya lalata ta. Allan ya ga abincinsa zai ƙare ya tsane ta, ranar da ya ji Tom ya buga ta suka ɓata, a 1851 Tom ya tattara ya koma garin Prestwick da ke yammacin Sikotilan. A 1864 aka kira shi gida ya zama mai kula da filin a kan fam 50 a shekara, aka miƙa masa baro da shebur. To yawancin bambancin da ke tsakanin hotonki na farko da abin da kika taka ran Lahadi aikin hannunsa ne, ya sare ƙayar nan fili ya buɗe, ya yi ta zuba yashi a kan ciyawa har ta yi laushi, shi ya gina wurin rami na ƙarshe da ke gaban gidan kulob. Kusan shekara arba'in yana wannan aiki, ya rasu a 1908. Kuma shi mutum ne mai riƙo da addininsa, hutun Lahadin nan ya tsaya a kansa ƙwarai, yana ganin ko mutane ba su gaji ba ƙasa na bukatar hutu.

Ɗan Tudun Wada:

Malam mun ƙaru wlh. Amma ni dai kalmar nan ta filin talakawa ban gama yarda da ita ba. Ku sake karanta yadda Anti ta kwatanta hoton farko, masu dogayen huluna na wasa, yaro ba takalmi na ɗauke da kaya a wannan sanyin na Sikotilan. Kuma Malam da bakinka ka ce ƙwallo ɗaya ta fi sanda tsada, to wane talaka ne zai saya ya je ya ɓatar a cikin ƙaya? Ƙasar ta kowa ce na yarda, wasan kuwa tun fil azal akwai mai bugu akwai mai ɗauka. Kulob ɗin nan ma ai sai 2014 suka kaɗa ƙuri'ar yarda mace ta zama memba.

Tsohon Kadi (mai ɗaukar sandunan golf):

Salamu alaikum, jikana ne ke rubuta min don idona ya yi rauni. Yaro Ɗan Tudun Wada ka faɗi gaskiya amma rabinta ka faɗa, bari wanda ya ɗau jakar ya ƙarasa maka. Ni ina ɗan shekara goma sha ɗaya na fara ɗaukar sanduna a Jos, garin da Turawan haƙar kuza suka yi filin Rayfield tun 1913, kuma da aka karanta min bayanin hoton nan na farko sai na ji kamar ni aka ɗauka. Mu ma ba takalmi, mu ma a bakin ƙofa muke tsayawa ba ma shiga ciki. Filayenmu na Arewa a lokacin babu korayen shimfiɗu wajen rami don ina ruwan da za a ba su da rani, yashi ne ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin mai a daddaɓe, burawun muke ce masa, in mai wasa zai buga sai yaro ya ja buhu ko wani ɗan katako daga ƙwallo zuwa rami ya share masa hanya. Har yau in na ji warin baƙin mai da rana tsaka can nake tunawa. Shanun Fulani kuma su ratsa ta tsakiyar fili a tsaya a jira su wuce, to ka ga tumakin St Andrews ba su ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Inda zan gyara maka shi ne nan. Yaron da ke ɗauke da kaya shi ya fi kowa sanin filin, ya san inda ƙasa ta karkata, ya san iska, ya san sandar da ta dace kafin maigidan ya buɗe baki. Da yamma in an watse mu kan lanƙwasa ƙarfen rodi ko mu sassaƙa reshen gwaiba mu yi ta bugun tsofaffin ƙwallayen da muka tsinta a ciyawa, kuma daga cikin irinmu ne ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan da yawa suka fito. Can ma haka aka yi. Su Allan Robertson da Tom Morris da Malam ya ambata ai ba masu dogayen huluna ba ne, masu ɗaukar kaya ne da yin ƙwallo, manya na zuba kuɗin caca a kansu. Allan ne ya fara zagaye filin nan da bugu ƙasa da 80, ya yi 79 a 1858, da ya rasu a shekarar da ta biyo sai aka rasa wane ne gwani bayansa, dalilin da aka shirya Open ta farko, wato babbar gasar golf ta Birtaniya, ke nan a Prestwick a 1860, mutum takwas kacal kuma duk irinmu ne. 'Yata in kin aika wa mahaifinki hoton ki ce ya dubi yaran da kyau.

Baƙuwar Dundee:

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, wallahi sai da na yi ƙwalla. Na ɗauko katin na sake dubawa da fitilar waya, ƙaramin yaron fuskarsa ta yi dishi-dishi kamar yadda Mai Kyamara ya faɗa, amma babban ya tsaya ƙyam yana kallon kyamara kai tsaye, shi kaɗai ne ma a hoton yake kallonta. Jan ginin babu shi a na farko, kuma bayan katunan duka uku akwai layin nan a tsakiya, biyu da sunan Valentine. A na gadar kuma yanzu na lura da wani abu kamar hayaƙi can gefen hagu da wasu baƙaƙen rumfuna, ko gobara ce? Malam na ga kuma a shagon akwai hoton wani saurayi da ƙatuwar ɗamara a ƙugu irin ta 'yan dambe, ban saya ba, shi ma ɗan golf ne?

Malam Na Bakin Kasuwa:

Hajiya koma ki saye shi in bai tafi ba, ɗan Tsoho Tom ne, shi ma Tom sunansa. Kafin kofin azurfar da ake bayarwa yanzu ɗamara ake ci a gasar Open, ta jar fata da ado na azurfa, sharaɗin duk wanda ya ci sau uku a jere ta zama tasa. Uban ya ci gasar sau huɗu, na ƙarshe a 1867 yana da shekara 46, shekara na zagayowa ɗan ya karɓa yana ɗan 17, har yau ba a samu wanda ya ci da tsufan uban ko da ƙuruciyar ɗan ba. Ya ci 1868 da 1869 da 1870 ya tafi da ɗamara gida, a 1871 ba a ma yi gasar ba don babu abin da za a bayar, da aka dawo 1872 ya sake cinyewa. Ƙarshensa akwai ban tausayi, a watan Satumban 1875 yana wasa a North Berwick shi da mahaifinsa aka aiko matarsa na naƙuda mai tsanani, kafin su iso ta rasu ita da jaririn, shi ma bai ƙara wata huɗu ba aka tarar da shi ya cika ranar Kirsimeti yana da shekara 24. Kabarinsa na nan a maƙabartar rusasshen babban cocin garin, uban ya rayu shekara talatin da wani abu bayansa, to idon nan da kika ce kamar ya ga duniya kin ji abin da ya gani.

Hayaƙin kuma jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso garin a 1852 ya bi ta gefen filin, baƙaƙen rumfunan na tashar kaya ne, 'yan wasa kan buga ƙwallo ta samansu a rami na 17. An rufe layin a 1969, otal ne yanzu a wurin.

Basakkwace:

Ni ban san golf ba amma hwata sana'ar gidanmu ta, kuma ɗamarar ga da Malam ya ambata Turawa sun rubuta da jar hwatar Maroko anka yi ta. To abin da sunka daɗe suna kira hwatar Maroko, mai yawa cikinta hwatar jar akuyarmu ta ta Sakkwato da Maraɗi, majemanmu da na Kano ka jeme ta su rina, ayari ya haye Sahara da ita, Bature ya saye ta bakin ruwa can Arewacin Afirka ya laƙaba mata sunan inda ya gane ta. Hajiya in kin koma shagon ki ɗauko muna hoton ɗamarar kusa-kusa mu gani, ina son in duba irin ƙwayar hwatar.

Baƙuwar Dundee:

In sha Allahu ran Asabar ina da hutu zan koma, zan ɗauko. Mai Kyamara dan Allah kafin nan, in saka katunan a leda ko in bar su a ambulan ɗin takarda da aka ba ni? Na ga gefen na gadar ya fara yin ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa.

Mai Kyamara:

Kada ki sa a leda 'yar uwa, tana riƙe laima kuma garinku akwai danshi. Bar su a takarda, kowanne da nasa, nesa da hita da hasken taga, ki riƙa kama su ta gefe. Wanda za ki aika Kaduna ki kai a yi miki sikanin a wanke sabo, na asalin ya zauna wajenki.